Ranar da Na Yi wa Rediyon Baba Tiyata

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, dattawan unguwarmu a Gummi ba za su bari ba. Da kaka ne, shekarar 2003, ina sabon malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare. Wata uku kacal da kama aiki, amma biro uku nake jerawa a aljihun gaba (ɗaya ma ba ya rubutu).

A lokacin idon Babana ya yi rauni, dishi-dishi yake gani. Abin da ya rage masa shi ne rediyonsa mai rigar fata, wanda ya sayo a Makka. Kullum bayan azahar ana shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, abokansa su kewaye shi, ya kamo tashoshin ƙasashen waje masu magana da Hausa, ya riƙa yi musu sharhi. Da rediyon nan yake jin har yanzu ana bukatarsa.

Ran nan na dawo daga makaranta na tarar da majalisa tsit. Rediyo sai shuuu yake yi. An sauya batir, an ja eriya har ƙarshe, shiru.

"Yawwa, ga ɗan boko nan," in ji Malam Bawa, aminin Baba. "Duba muna abin ga."

Baba ya rungume kayansa. "A bari dai ran kasuwa a kai ma mai gyara."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai karatuna ne."

Na karɓo faranti da wuƙa wajen Inna, na kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ina gyaɗa kai kamar likita. (Ban taɓa ganin cikin rediyo ba sai a zanen littafi.) Na taɓa nan, na hura can, na danna wani baƙin abu siriri mai naɗin waya. Ƙas!

"Mi ya karye?" in ji Baba.

"Tsatsa ce kawai," na ce.

Bayan la'asar sai ga wani maƙwabcinmu rataye da nasa rediyon, yana ta zuba zance. Ya ce nasa ma ya ɗauke ɗazu, haka na duk garin, kuma duk sun dawo da kansu.

Washegari a rediyon maƙwabcin muka ji bayani. Rana ce ta yi aman wuta, abin da ta feso ya toshe zangon da tashoshin nesa ke bi. A ƙasashen can arewacin duniya kuwa, wai sama ta cika da wani haske kore da ja da ake kira orora. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, domin mako biyu kafin nan ni na koyar da wannan darasi a aji, har da zanensa da alli mai launi.

Malam Bawa ya dube ni. "To Malam, ga wuƙa nan. Ranar ma kwance ta za ka yi?"

Kowa ya fashe da dariya ban da Baba. Hannayensa na kan cinya, babban yatsansa na motsi kamar yana murɗa tasha. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Da aka watse na durƙusa na ba shi haƙuri. Sai ya ce, "Hasken ga da anka ce, ka san shi?"

"A littafi kawai, Baba. Ban taɓa ganinsa ba."

"To mun yi daidai. Zamna ka ba ni labarinai."

Na faɗa masa yadda abin da rana ta feso ke karo da iskar sama har ta kama haske, yadda yake kaɗawa kamar zane a kan igiyar shanya. Ya sa na maimaita sau uku. Kashegari na ji shi yana ba majalisa labarin tiryan-tiryan, har ya ƙara da launin shuni da ban ambata ba, dattawa suna ta tasbihi.

Sai da rediyon ya yi wata biyu a Sakkwato kafin ya gyaru. Duk wata biyun nan, kullum da yamma nakan kawo wa Baba wani abu daga littafina, shi kuma ya kai wa abokansa.

Tun daga lokacin, duk abin da ya yi mini shiru, rediyo ne ko uwargida, nakan jira la'asar tukuna kafin in ce na san abin da ke damunsa.