Maɓallin Lalubo

"Lafiya lau na kwana, sai dai ashe ɓarawo nake aure," in ji Kaka, tun jikanta bai gama cire takalmi a bakin ƙofa ba.

"Amarya, me kika mallaka da za a sata? Haƙoran ma sun riga ni."

Jikan nan, Dogo take ce masa, yana cikin masu rubuta wata manhajar shiga intanet ta kyauta, irin wadda kowa yake iya buɗe cikinta ya gyara. Bara da suke mayar da ita Hausa ya rasa abin da zai rubuta a maɓallin nema, ita kuwa tana durƙushe tana neman allura a ƙarƙashin kujera, ta ce, "Sa Lalubo." Haka aka sa. Kaka ba ta iya rubutu ba, amma ta haddace kamannin kalmar nan, kuma babu ƙawar da ba ta kai wa waya har hanci ta nuna mata ba. Yau ta duba, babu Lalubo. Abin ya yi mata ciwo sosai, sai dai ba za ta yarda ya gani ba.

Ta miƙa masa wayar. "Karanta mini wannan baƙon."

"Bincika."

"Bincike ai na ɗan sanda ne! Laifin me na yi?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Wani babban kamfanin nema ne ya ɗauki nauyinmu. Sharaɗinsa, duk wanda ya buɗe manhajar ta wajensa zai yi nema, da kalmarsa. Suna gasa da wani kamfanin, kowa na son ya tare ƙofa."

"Kun ce ta kowa ce."

"Ta kowa ce mana."

"Amma mai kuɗi ne ke zaɓar labule. Kai, Dogo! Tsawon banza, wuya kamar na tulu, ashe a tsaye aka saye ka."

"Ba ni kaɗai ba ne, ƙuri'a aka yi. Injinan da ke ɗauke da manhajar ba addu'arki suke ci ba."

"Shi ya sa na nemi maganin ciwon gwiwa ya kawo mini tallar keken guragu?"

"To ai ya san ki ne. Saura kaɗan ya kawo miki tallar gidan tarihi."

"Ni da na yi wa ubanka wanka? Yaji zan yi. Zan koma wajen ƙanenka, ya fi ka kyau, kuma shi bai sayar da matarsa ba."

"Wa zai karɓe ki? Shi ma Bincika yake dannawa."

Nan Kaka ta juya tana gyara matashin kujerar da ba abin da ya same shi. Ashe har a wajen ƙanen nasa kalmarta ta mutu.

Dogo ya daina dariya. Ya ɗauki wayar ya yi 'yan danne-danne, ya ajiye mata a cinya. "Duba, rigimammiya."

Ga ta nan, Lalubo, da doguwar sandarta a farko.

"Kamfani ya sayi ƙofa, bai sayi ginin ba," in ji shi. "Tunda a buɗe take, na kwafe ta na yi tamu daban. Ni ne shugaba, ni ne masinja, ke ce jama'ar."

"Mu biyu rak?"

"Da wasu tsofaffin 'yan taurin kai irinki. Amma ki sani, ba mu da injinan masu kuɗi."

Kaka ta danna maɓallin, ta faɗi ciwon gwiwarta. Wani ɗan zobe ya hau juyawa. Ya juya, ya juya, har ta gyara ɗaurin ɗankwali, bai gama ba.

"Ka ga irin aikinka? Katantanwa ma ta fi shi sauri."

"In mayar miki da na kamfanin? Kafin ki ƙifta ido ya kawo."

Ta damƙe wayar a ƙirji, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. "Taɓa ka gani! Wa ya ce maka ana lalube da gaggawa?" Ta tura masa matashin da ƙafa. "Zauna, mijina, na fasa yajin. Mu jira shi tare."