Ranar da Katafila Ta Ƙi Mutuwa a Filin Zaɓe

"Babu injin da ke numfashi tsakanin Cadawa da Gazawa wanda bai san tafin hannuna ba."

Haka Chindo ya faɗa, yana dukan ƙirji, a shekarar da aka gama taron ƙasa jam'iyyu suka fara tsiro kamar ciyawar damina. Chindo, in ba ka san shi ba, mai gyaran tocila ne da rediyo. Ya taɓa kwana uku a wani gareji a Maraɗi yana jiran mota, tun daga nan ya naɗa wa kansa sarautar injiniya.

Ni Sabo, da ka gan ni ka ga shugaba, ga tsawo ga iya ɗaura rawani. Amma wai ni da wannan Sarkin Tocila za mu yi takarar shugabancin reshen jam'iyya a garinmu. Ka ji wulakanci. Tsarin zaɓen kuwa mai sauƙi ne: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, wakili daga Maraɗi ya ƙirga kawuna.

A gefen filin da za a yi taron akwai wata ƴar ƙaramar katafila da masu aikin raya karkara suka kawo tana haƙa mana tafki. Ana gobe zaɓe na ga Chindo ya buɗe cikinta, ya jona waya daga dinamo zuwa bayan makunni, wai zai ja wutar lasifika. Lasifikar ba ta yi magana ba, ya kwashe abarsa, ya bar guntun wayar a ciki. Na gani, na yi shiru. Ba a tambaye ni ba.

Ranar zaɓe da hantsi direban katafilar ya gama aikin safe, ya murɗa makulli ya zare, inji ya ci gaba da ruri. Wayar Chindo na ta ɗura wuta ga ɗan ƙarfen da ya kamata ya rufe hanyar gazuwal, man da injin ke sha. Direba ya bar makulli kan kujera, ya hau babur ya nufi Gazawa neman makaniki. Sai ga wakili, Mushe Abdulaziz, wato Malam a bakin ƴan Faransanci, ya iso da takardunsa, aka zaunar da shi a rumfa. Ya buɗe baki zai yi jawabi, ko shi bai ji kansa ba.

Na je kunnensa na ce, "Mushe, kada ka damu, muna da injiniya. Ga shi can."

Chindo ya naɗe hannun riga. "A ba ni minti biyu. In ban kashe ta ba, kada kowa ya tsaya bayana."

"Jama'a kun ji," in ji ni, don kada maganar ta faɗi ƙasa.

Ya sa makulli, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya zare ya hura masa iska. Katafila na ruri. Ya buɗe akwatin fiyus ya dinga cirewa ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hula. Fitila ta mutu, oda ta mutu, inji ko tari bai yi ba.

"Ta fara jin jiki," in ji shi.

"Sosai, injiniya. Har ta makance."

Ya koma kan batir da sifana. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, gefen gemunsa ya tafi. Ya cire kan batir ɗin ya ɗaga sama kamar wanda ya yanko kan zaki. Injin gazuwal kuwa in ya riga ya tashi, ina ruwansa da batir? Dinamo na ba shi abin da yake so.

"Sauran numfashi ne," in ji Chindo. "Ko kaza in an yanka sai ta yi tsalle."

Daga nan ya haye kujerar direba, wai zai bi ta sama. Gwiwarsa ta ture wani sanda. Hannun katafila ya miƙe a hankali, ya juya, ya ɗauke rumfar baƙi ɗungurungum, ya ajiye ta cikin ramin tafki. Mushe Abdulaziz ya tsinci kansa zaune a rana, takarda a cinya, kara a ka.

Chindo ya diro, ya kama rigata, ya ja ni gefen inji, ya sa baki a kunnena yana ihu don in ji. Daidai lokacin Balkisu mai injin niƙa ta ratso taro, hannunta fari fat da gari. Shekara goma tana kashe injin gazuwal safe da yamma. Ta leƙa, ta lalubo wani ɗan hannu a jikin famfon mai, ta danne shi. Inji ya yi shiru ɗif.

Chindo bai yi shiru ba.

"Sabo, ka rufa mini asiri, wallahi ban san ko ina ne gaban abin nan ba! Ni na sa mata wayar jiya!"

Har masu tallar fura a bakin kasuwa sun ji.

Balkisu ta fizge guntun wayar ta miƙa masa. "Ungo kayanka, Malam Chindo. Ku yi abin da ya tara ku, ina da niƙan mutane."

Ta juya, mata suka bi bayanta, maza suka bi bayan mata. Mushe ya ga layi ya miƙe, ya hau ƙirga. Na ce, "Mushe, ai ba ta cikin takara." Ya ce, "Yanzu ta shiga." Dubi zalunci: ni da na shirya komai, na tashi da mutum biyu, surukina da wani kurma da ya ɗauka layin rabon goro ne.

Aka zo kan Chindo. Ya waiwaya, babu kowa a bayansa sai katafila. Mushe ya dube ta, ya dube shi, ya rubuta yana karantawa da ƙarfi:

"Chindo, ƙuri'a ɗaya. An soke, ba ta da katin jam'iyya."