Carbin Baba Mele

"Ni Nata'ala, ko ƙwayar gero ka ba ni sai na fafe maka turmi da taɓarya a cikinta."

Haka kafintan unguwar Luggere yake cika baki tun da ya sayi injin murza katako wurin wani Bature mai komawa gida, shekarar da aka yanka jihohi aka ce mu 'yan Arewa maso Gabas ne. Inji ne na takawa, kamar keken ɗinki. Abokina, ko ƙafar kujera bai taɓa murzawa ba, amma har ya sa wa kansa Injiniya.

Sai ga Baba Mele, dattijo mai sayar da huluna, riƙe da sandar kanya.

"Ta kakana ce, da ita ya tako daga Borno. Carbi nake so, ƙwaya casa'in da tara."

"Baba, zauna ka sha inuwa. Kafin la'asar kana ja."

Jama'a suka taru. Gogan naka ya yanko guntu daga sandar ya ɗaura, ya taka inji kamar mai tseren keke. Guntun ya yi fiffike, ya fasa tulun maƙwabta.

"Gwaji ne," in ji shi.

Na biyu ya dare. Na uku ya murzu, ya murzu, har ya zama gari. Ana na bakwai inji ya cafke hannun babbar rigarsa ya nannaɗe, sai da matarsa Zinariya ta kawo almakashi aka 'yanto Injiniya da singileti.

"Malam, ka bar wa bawan Allah sauran sandarsa," ta ce.

"Ke, yanzu hannuna ya faɗa."

Da la'asar sanda ta ƙare saura kamar ɗan yatsa. Ya murza, ya murza, sai ga ƙwaya guda, ta yi tsalle ta faɗa bayan shago, inda wata akuya ke kwana. Nata'ala ya bi ta da rarrafe, ya tsinto, ya goge da man gyaɗa, ya miƙa da hannu biyu.

"Ina sauran casa'in da takwas?"

"Sabon yayi ne, Baba. Ita za ka yi ta ja, babu nauyi a aljihu."

Baba Mele ya juya ta a tafinsa, ya matsa. Ta marmashe. Ya shinshina, ya daɗe yana duban Nata'ala.

"Ɗana, wannan aikin akuya ne. Kira mini ita, ta fi ka hannu."