Hoton Baba a Bakin Layin Dogo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai mahaifina jiran jirgin ƙasa ba. Ko na so mantawa, mutanen Tsafe ba za su bar ni ba.

Ni mai hoton biki ne a Gusau (amare da jarirai, shi ke nan), amma raina yana wani wuri. Kullum ina kan waya ina kallon hotunan jirage suna ratsa duwatsu da hamada a wasu ƙasashe, ina cizon yatsa. Mu ma ai muna da duwatsu, muna da layin dogo. Jirgin ne kawai ya daɗe da daina zuwa.

Sai wani saƙo ya fara yawo a waya, wai ranar Asabar jirgin gwaji zai taso daga Zariya. Ban tambayi kowa ba, na garzaya na faɗa wa Baba, wanda ciwo ya daɗe da kwantar da shi. Mutumin da sai an tallafe shi, ranar nan da kansa ya tashi zaune.

"Cikin jirgin ga na ɗauko uwarku daga Funtuwa tana amarya, Allah shi jiƙanta," in ji shi. "Kai ni, ka yi man hoto shina wucewa bayana."

Yayata Rabi ta ce jikinsa ba zai ɗauki hanya ba. Na ce mata ba ta san darajar tarihi ba (Allah ya yafe mini wannan bakin).

Na ɗauki shatar mota, muka sauka kusa da Tsafe, inda layin ya yi kwana a gindin wani dutse. Na kafa kyamara. Jama'a suka taru, har mai rake ya baza hajarsa. Don in burge su na durƙusa na ɗora kunne a kan ƙarfen, na ce, "Yana tafe!" Ban ji komai ba, kunnena dai ya ƙone.

Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Baba na cikin farar rigarsa ta Sallah, ya ƙi komawa inuwa, wai kada jirgi ya wuce ba ya wurin. Na hau dutsen don in fara hango hayaƙi. Abin da na hango dawa ce, gona guda, ta rufe layin ruf, ga wata bishiyar bedi ta girma a tsakiyar ƙarafan.

Na sauko, na faɗa musu abin da na gani. Wuri ya kaure da dariya. Mai rake ya ce, "Mu dai mun san gonar, Malam. Mun aza kai mutumin birni ka san abin da ba mu sani ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi layin, ya gyara hula, ya dafa sanda ya miƙe.

"Ɗauka hakanan, ɗana."

Na ɗauka, hawaye sun hana ni ganin ko hoton ya fito. A mota ya jingina da kafaɗata yana numfashi da ƙyar. Bai ga ƙarshen watan ba. Rabi ba ta taɓa ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hoton yana nan a shagona: tsoho, dutse, da layi babu kowa. Ya fi duk abin da na taɓa ɗauka kyau, kuma ba na iya kallonsa. Yanzu in labari mai daɗi ya shigo waya, sai na fara hawa dutse na duba da idona kafin in tayar da mara lafiya.