Magariba a Cikin Kifi

Ba zan taɓa mantawa ba da sallar magaribar da na yi a cikin kifi. Ko na so mantawa ma, mutanen unguwarmu ta Tompkinsville ba za su bar ni ba.

A lokacin ina walda a wata ma'aikata da ke ƙera manyan dabbobi na ƙarfe da yadi, waɗanda ake yi wa ado da fitilu a jera a lambu lokacin sanyi, jama'a su zaga suna kallo. (Duk ƙarfen da na haɗa sai na sa masa alama da alli cikin ajami, abokan aiki suna zaton zane nake yi.) Alhaji Tanko, direbanmu, mutumin Kumasi, shi ya tsaya mini na samu aikin. Ya ce wa shugabarmu, "Wannan malami ne, ba ya karya doka." Babbar dokar kuwa ɗaya ce: duk wanda aka samu a cikin dabba bayan an ba da wuta, aikinsa ya ƙare.

A shekarar muka ƙera kifi mai girman motar bas. Yana da tayoyi, yana bin layin ƙarfe a hankali, yana buɗe baki yana rufewa. Ranar da masu lambun da za a kai wa kifin za su zo gwaji, magariba ta riske ni a fili. Ko'ina dusar ƙanƙara, alwala ta sandarar mini da yatsu, ba inda zan sa goshi. Sai na hango kifin a kashe, ga katako busasshe a cikinsa wanda ni na shimfiɗa da hannuna. Na ce ai raka'a uku ce, kafin baƙi su iso na fito. Na cire takalma na jera a ƙofa kamar mutumin kirki, na shiga na tayar da kabbara.

Ina raka'a ta biyu sai komai ya koma shuɗi. Sai kiɗa. Sai na ji masallacina ya motsa.

Jama'a, alƙibla ta shiga yawo. Layi ya yi kwana, gabas ta koma ƙeyata. Na so in yanke salla, amma in bi ta ina? Sarƙar inji na juyawa a bakin ƙofa. Na dake na ƙarasa. Ina zaman tahiya kifin ya tsaya gaban baƙi, ya wangame baki. Na yi sallama dama, ga masu lambu riƙe da kofunan shayi. Na yi hagu, ga shugabarmu dafe da ƙirji.

Wata tsohuwa cikin baƙin ta tafa, ta tambaya ko ni ma da lantarki nake aiki.

Alhaji Tanko ya ɗora hannu a ka. "Malam, ka kashe ni! Annabi Yunusa haɗiye shi aka yi, kai kuma da ƙafarka ka shiga?"

Na sauko da safa a kan ƙanƙara, takalmana na can baya inda kifi ya taso. Shugabar ta ja ni gefe. Ta ce da sarƙar nan ta kama rigata, da wani zancen ake yi. Gaskiyarta ce. Na riga na fara tunanin da wane ido zan dubi Alhaji.

Sai ta ce, "Tun da ka zo kake wannan sallar a waje? Me ya hana ka faɗa mini?"

Kunya ce ta hana ni, ba komai ba. Washegari ta sa aka share mana kusurwa a ɗakin kayan aiki, har da na'urar ɗumama ɗaki. Ba ta kore ni ba, Alhaji ma bai ji kunya ba. Allah Ya saka mata, Ya kuma saka masa, duk da shi ne ya raɗa mini Malam Yunusa har sunan ya bi ni.

Na koyi cewa kunyar tambaya kan jawo wadda ta fi ta. Kuma a garin nan, kafin ka tayar da kabbara, leƙa ƙarƙashin masallacin ka ga ko yana da taya.