Bindigata Mai Madubi

Tsohuwar bindigar tokar maƙwabcina Sale da roba aka ɗaure ta, amma a kowane taro shi mata ke wa guɗa. Abin ya tsaya mini a rai. Na je wajen maƙeri a Ɗambatta na zaɓi mai sheƙi, har da madubi a gindinta. Ya ce, "Malam, gwada ta mana." Na ce ni da ido nake gane bindiga.

Ranar tarbar mai gari daga Makka, na sha gaban Sale na ja kunama. Ƙyas kawai ta yi. Ta Sale na tashi, na yar da tawa don firgita.

Har yau in ashana ta ƙi kamawa, matata takan ce, "Ita ma da ido ka zaɓo ta, Malam?"