Yaƙin Haladu da Rundunar Amin

Wannan tarihin Haladu ne ɗan Ɗantsoho, jikan Nomau mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Funtuwa. Haladu ingarman ɗakin kwamfuta, sadaukin waya da soket, gwarzon da in na'ura ta yi gardama yakan kashe ta ya sake kunnawa, jama'a su watse suna cewa ya yi karama!

A zamaninsa kwalejin da yake aiki tana ƙarƙashin wani azzalumin sarki mai suna Taro. A shiga da hantsi, a fito bayan la'asar, ƙafafu sun kumbura, ba a yanke komai ba sai ranar taro na gaba. To, da aka ɗora wa Haladu kwashe bayanan ɗalibai daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, sai ya miƙe gaban shugabar kwalejin, Hajiya Gambo, ya bugi ƙirji cewa zai gama ba tare da an zauna ko sau ɗaya ba. Makaminsa bulog, wato shafi a intanet inda zai riƙa rubuta inda aiki ya kwana, kowa ya karanta daga kujerarsa ya amsa a ƙasa.

"Na ba ka zuwa Alhamis," in ji Hajiya. "In shafin naka bai fitar da ranar kashe tsohuwar na'ura ba, taro za mu koma, kuma kai za ka riƙa rubuta abin da aka tattauna."

Sadauki ya naɗe hannun riga, ya zauna bisa kujerarsa mai juyawa, ya afka wa madannai har ma'aikatan ɗakin kusa suka zaci ruwa ne ya sauko kan kwano. Ya yi sallama, ya gaida manya, ya tambayi iyali, sannan ya saki tambayarsa kamar mashi: wace rana za a kashe na'urar?

Kafin azahar amsoshi suka taso runduna-runduna, ya yi tsalle don murna. Ya buɗe ta farko: "Ma sha Allah." Ta biyu: "Allah ya ba da sa'a." Daga nan sai amin, da summa amin, da amin ya Rabbi, sahu-sahu har ƙasan shafi, ba wanda ya ambaci rana. Ya sake kai hari da manyan baƙaƙe, babu ko gaisuwa. Aka amsa: "Allah ya huci zuciyarka." Aka bi da amin. Ya rubuta "Don Allah a daina addu'a", ya dubi abin da hannunsa ya aikata, ya goge yana istigfari. Wane jarumi ne zai iya yaƙar fatan alheri?

Safiyar Alhamis, yana zaune zuciya ta karaya, sai ga Malam Isuhu magatakarda, dattijon da tsayar da ranar kashe na'urar ke hannunsa, ya leƙo aron caja.

"Af, Haladu, na'urar nan ku kashe ta Asabar mana, ai ranar ba kowa a ofis."

Haladu ya yi kukan kura ya tare ƙofa. "Baba Isuhu, ba ka fita sai ka rubuta!"

"Ba ga shi na faɗa maka ba?"

"A shafi, Baba, a shafi!"

Dattijo ya zauna, ya gyara tabarau, ya soma da yatsa ɗaya. Ya yi sallama, ya gaida Hajiya, ya yi wa kwalejin addu'a, Haladu na tsaye a kansa gumi na tsiyaya. Can a ƙarshe yatsan ya sauka: Asabar. Haladu ya yi kabbarar da ta firgita tantabarun kan rufi, ya zagaye ɗakin a kan kujerarsa yana yi wa kansa kirari.

Hajiya Gambo ta karanta, abin ya burge ta ƙwarai. Nan take ta kira dukkan ma'aikata taro domin a yaba wa wanda ya raba su da taro. Aka shiga da hantsi, aka fito bayan la'asar, kuma da yake shi ne gwanin rubutu, Haladu aka miƙa wa biro.

Da ya koma ɗakinsa da kumburarrun ƙafafu, ya hau shafi ya rubuta cewa Allah ya sa wannan ne na ƙarshe. Ba wanda ya ce amin.